Tambayar La'asar

Ana idar da sallar la'asar zaman lafiya yake ƙarewa a gidan Ndako da ke unguwar Barkin Sale. Mahaifinsa, Baba Tsado, zai miƙe daga tabarma ya leƙa madafa, ya leƙa ɗaki, ya sake dawowa madafa.

"Ina Larai? Har yanzu ba ta dawo daga kasuwa ba?"

Larai matarsa ce, shekararta huɗu da rasuwa, amma ciwon mantuwa ya goge masa wannan. Ita kuwa babbar 'yarsa, Yaya Rukayya, ba ta iya lanƙwasa harshe ba.

"Baba, Nna mahaifiyarmu ta rasu fa! Kai ka yi mata salla."

Sai tsoho ya ɗora hannu a ka ya rushe da kuka kamar yanzu aka aiko masa, ya yi jifa da buta, ya nufi ƙofa. Kullum ta Allah sai an yi sabuwar mutuwa a gidan.

Abin ya hana Zuliha, matar Ndako, sakat. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai lallami. Da 'yar Nokiyarta ta lalubo wani dandali a intanet na masu jinyar tsofaffi, inda wata tsohuwar nas, Madam Elizabet, ke amsa tambayoyi. Ta sa Zuliha rubuta lokacin da rigimar ke tashi da maganar da aka yi kafin nan. Bayan mako biyu ta aiko mata: "Kada ki ce ta rasu, kada kuma ki ce tana nan. Ce masa ya ba ki labarinta."

To fa! Matar ɗa da ko haɗa ido ba ta yi da surukinta, ita ce za ta tambaye shi labarin matarsa? Ta cije ta gwada sau ɗaya, Rukayya ta shigo ta same ta durƙushe a gabansa.

"Inna lillahi! Ndako, zo ka ga rashin kunya! Dama na faɗa maka wayar nan ba banza ba. Allah kaɗai ya san da wa take catin!"

"Wallahi nas ce, Yaya. Karɓi ki karanta—"

"Ni na iya Turancinku? Mu a gidanmu ba a ɓoye wa babba gaskiya!"

Ndako yana son matarsa, amma ba ya iya yi wa yayarsa musu. Ya karɓe wayar yana kallon ƙasa.

"Zuliha, ki je gidanku Bida ki huta kwana biyu."

Zuliha ta san irin wannan hutu, wasu daga shi ba su dawowa. Hawaye suka zubo mata.

Washegari ta haɗa jaka, Ndako ya fita tsayar mata da keke Napep. Aka idar da la'asar, Baba ya yi tambayarsa, Rukayya ta ba shi amsarta. Kafin a ankara ya ɓalle ƙofa ya faɗa titi, 'yan acaba na ta hon suna kauce masa. Ndako ya ruga ya rungumo shi.

"Sake ni, ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!" Ya shiga rafka wa ɗansa sanda, mutane suka fara taruwa.

Zuliha ta yar da jaka. Ta durƙusa a bakin kwalta, a gaban kowa.

"Baba, barka da yamma. Wai a ina kuka fara haɗuwa da Nna?"

Sandar ta tsaya a sama. Tsoho ya dube ta ya daɗe.

"Kasuwar Paiko," in ji shi. "Doya ta sayar mini, rabi duk ruɓaɓɓiya! Na koma da faɗa, ta ce namijin da bai iya zaɓen doya ba ai sai a nema masa mata. Fitinanniya!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. Ta miƙe tana tafiya a hankali, ya biyo ta yana zuba labari har tabarmarsa, ya ma nemi kunu. Rukayya na bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Shekararta arba'in da biyar a duniya, ba ta taɓa jin wannan labari ba.

Ndako ya tsinto jakar ya kai ɗaki da kansa, kunya kamar ta kashe shi. Ya miƙa wa matarsa wayar da hannu biyu.

"Sori, Zuli. Na cuce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma gobe kai za ka tambaye shi. Babanka ne."

Haka aka yi. Baba bai warke ba, wata rana ma dabarar ba ta ci. Amma a wata goma sha ɗayan da suka rage masa a duniya, ba wanda ya sake yi masa ta'aziyyar matarsa. Kunya ado ce, gaskiya kuma wajibi ce, sai dai in aka cire tausayi a cikinsu, mara lafiya ne ke shan wuya. Haƙurin Zuliha ya riƙe mata aurenta, ya kuma sa tsoho ya cika ba da kuka ba.