Man Shanu a Kan Batir

Ranar Litinin da hantsi, cikin daminar 1968, babban malamin dabbobi na Dutsin-Ma ya shigo caji ofis yana huci, direbansa na biye da shi kamar an jiƙa kaza. Sufeto Labaran ya ɗago kai daga kan fayil.

"An sace mana batirin mota, Sufeto. Sabo ful, watansa biyu. An cire shi an sa mana gawa. Shanu na can Kutawa suna jiran allura, ga ɓarawon nan na kawo maka."

Direban, Ilu, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Sufeto ya sa aka ajiye shi bayan kanta. Malamin dabbobi ya ce in ba a ga batir ba zuwa Alhamis, gaban alƙali za a kai Ilu, aikinsa kuma ya ƙare.

Shekarar Sufeto Labaran uku a garin, amma har yau baƙo ne. Matarsa ta rasu kafin a turo shi, 'ya'yansa biyu suna hannun yayarsa a Funtuwa. Mutane na gaishe shi, amma daga nesa, in ya doso majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri. Mutum ɗaya ne ke zama da shi: Baba Hamma, tsohon Bafillatani da shanunsa suka ƙare ya koma gadin gidan malaman dabbobi. Kullum bayan la'asar, ban da Laraba, sukan sha fura a ƙwarya ɗaya a gindin tsamiya. Tsohon ba mai magana ba ne. Sufeto bai san komai game da iyalinsa ba, bai kuma tona ba, don wannan zaman shi ne duk abin da yake da shi a Dutsin-Ma.

Da Sufeto ya je duba motar a gidan malaman dabbobi, Baba Hamma ne ya buɗe masa ƙofa.

"Baba, ka ga wani ya shigo kwanakin nan?"

"Ban ga kowa ba, Labaran."

Sufeto ya ɗaga murfin injin Landirobar. Batirin da ke ciki tsoho ne tukuf, gefensa da ɗigon jan fenti guda uku. An ɗaura wayoyin daidai, an ƙara ƙarfi. Amma kiyashi sun yi layi suna hawa kawunan batirin. Ya lakata da yatsa ya shinshina. Man shanu ne.

Ya duƙa ya dubi tayoyi. Jan taɓo ya cika su, bai ma gama bushewa ba.

Ya koma ofis ya sa aka fito da Ilu.

"Yaushe rabon motar da fita?"

"Tun Alhamis, ranka shi daɗe. Ko taku ɗaya ba ta yi ba."

"To taɓon da ke tayoyin fa, shi ya biyo ta gida?"

Ilu ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce ran Juma'a da safe ya saci hanya ya kai wa wasu fatake hatsi Kurfi, ya dawo kafin a tafi masallaci.

"Can ka sayar da batirin?"

"Wallahi da makulli na tashe ta a Kurfi, bugu ɗaya. A tambayi Ɗanjuma makaniki, gaban rumfarshi na tsaya."

"Me kake shafa wa kawunan batir?"

"Giris, yallaɓai. Mi kuma za a shafa?"

"Man shanu fa?"

Duk da halin da yake ciki sai da Ilu ya murmusa. "Ai wannan sai tuwo. Ni batirina ko ruwan rijiya ba ya sha. Ruwan sama nike tarar mashi a kwalba, duk Alhamis in buɗe ramukan in duba. A tambayi Baba Hamma, shi ke riƙe mani kwalbar."

Washegari Sufeto ya sa tsohon batirin a akwatin katako ya hau motar kasuwa zuwa Kurfi. Ɗanjuma ne kaɗai mai injin caji a duk yankin, mutum ne gajere mai yawan fara'a, amma da ya ga kaki sai fara'ar ta ƙafe.

Ya tabbatar Ilu da makulli ya tashi motarsa. Da aka buɗe akwati kuwa, ko kallon kirki bai yi ba.

"Ban taɓa ganin wannan batiri ba, yallaɓai."

Sufeto ya rufe akwatin. Ya taka zuwa bayan rumfa inda aka jera batura biyar ana ba su wuta. Kowanne da ɗigon jan fenti uku a gefensa.

"Kai ke ɗiga musu, ko haka ake haifarsu?"

Ɗanjuma ya share gumi. Ya ce tsoro ya ji, don shi ya sayar da batirin bara, kuma tun a lokacin ya sha jiki.

"Wa ka sayar wa?"

"Wani soja, wanda za a tahi da su bakin daga. Ya haɗa da wani tsohon akwatin rediyo mai cin batirin mota, ya ce ubanshi zai bar mawa. Uban ne ke kawo shi caji bisa jaki. Dogon tsoho, Bafillace. Zuwanshi na ƙarshe na ce mashi, Baba, ka kashe abin ga da ruwan rijiya, ko kwana goma na ba shi wuta ba shi riƙewa. Sannan ya tambaye ni, wai gaskiya ne mota na ciyar da batirinta in tana tahiya? Na ce gaskiya ne."

A hanyar komawa Sufeto ya zauna bisa buhunan gero yana kallon gonaki, bai ga komai ba. Ya so a ce Ilu ne. Ya so a ce Ɗanjuma ne, ko wani baƙo da ba za a sake ganinsa ba. Ya ji kunyar wannan son, amma bai daina ba. Ranar bai je gindin tsamiya ba.

Laraba bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya nufi bayan gari shi kaɗai, bai ɗauki kurtu ba. Bukkar Baba Hamma na can ƙarshen hanyar Kutawa, ba maƙwabci sai kargo. Tun daga nesa ya ji muryar rediyo.

Ya yi sallama. Tsohon na zaune a kan buzu, ya kara kunne jikin akwatin. Ga sabon batir a gefe bisa faifai, kawunansa na ƙyalli da man shanu. A kan igiya an rataye rawaninsa, duk ya yi huji-huji inda ruwan batir ya ci shi, da alama da shi ya yi gammo.

Baba Hamma ya ɗaga masa hannu. "Zauna, Labaran. Bari su gama."

Sufeto ya zauna. Ana karanta gaisuwar sojoji daga bakin daga. Wane yana gaida mahaifiyarsa a Malumfashi, wane yana gaida matarsa a Gusau, yana nan lafiya. Suna bayan suna, kusan rabin sa'a. Tsohon bai motsa ba. Da aka sa kiɗa, ya miƙa hannu ya murɗe.

"Yau ma babu," ya ce. "Laraba goma sha ɗaya ke nan."

"Baba, ba ka taɓa gaya mini kana da ɗa ba."

"Na fari ne. Shi kaɗai ya saura." Ya kau da kai.

Sufeto ya gane. Bafillatani ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zancensa, ba ya bari a ga yana kewarsa. Da a ji shi yana roƙon wani ya bar shi ya saurari rediyo don ɗansa, gara masa komai.

"Kai ka cire batirin?"

"Ni ne. Ran Juma'a, da kowa ya tahi masallaci. Na daɗe ina kallon yadda Ilu ke yi da sifana."

"Me ya sa ka sa tsohon a ciki?"

"Maraƙi in uwarshi ta ƙafe, ai wata saniya ake kai shi ta shayar. Na ce motar ta shayar da nawa kwana bakwai, in ya yi ƙarfi in maida kowa wurin uwarshi. Na shafa mashi mai don kada shi ci tsatsa. Ban san ba za ta ko tashi ba."

"Ilu kwanansa biyu a kulle, Baba. Gobe za a kai shi gaban alƙali."

"Na sani. Na ce in yau ta wuce in kawo kaina. Na yi ma yaron laifi, kai ma na yi maka ƙarya a ƙofa." Ya kwance wayoyin da kansa, baƙa da farko, yadda ya ga Ilu na yi. "Ka yi aikinka, kada ka ji nauyina."

Sufeto ya ji nauyinsa, nauyin da bai taɓa jin irinsa ba tun da ya sa kaki. Ankwa na aljihunsa, bai fito da ita ba. Ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya ɗora batirin a ka, suka kamo hanya, tsoho a gaba. Manoma masu komawa gida suka riƙa ratsewa cikin gero suna ba su wuri.

A caji ofis ya sa aka saki Ilu, ya buɗe littafi ya rubuta bayanin mai laifi da hannunsa. Kurtu ya zo zai wuce da Baba Hamma. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin tsaro.

"Labaran, akwai rediyo nan ofis ɗinku?"

"Akwai, Baba."

"To Laraba mai zuwa, bayan la'asar. In sun faɗa, ka zo ka gaya mani ko ta taga ce."

"Zan saurara. Amma wane suna zan jira?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Ya dubi kurtu, ya dubi bango.

"Jibo," ya ce a hankali. "Jibo Hamma Wurma."

Ya juya ya shiga, kurtu ya ja ƙofa.