Fensiran Kala a Cikin Murhu

A wancan zamani, makarantar wani ƙauye da ke bakin kogin Danube aji biyu ce kawai. A ciki akwai wata yarinya mai son zane. Tana zana shamuwa a kan rufin coci. Tana zana inabin gidansu, da jakin kakanta mai suna Sivko.

Duk Juma'a, Malama Tsvetana tana manna zanen da ya fi kyau a bango. Kullum na yarinyar ne. Sannu a hankali ta daina zane a gida. Ai a gida babu mai tafa mata.

Da sanyi ya shigo, aka kawo sabuwar ɗaliba mai suna Rumyana. Ranar Juma'a sai Malama ta manna zanen Rumyana. 'Yan aji suka yi ta tafi.

Kishi ya kama yarinyar da aka saba manna zanenta. Ta ruga gida. Ta buɗe murhu ta watsa fensiran kalarta duka a wuta.

"Ke, lafiyarki?" in ji mamarta. "Babanki daga birni ya kawo miki su fa!"

"Ni da zane har abada!"

"To, shi ke nan. Amma ki sani ba za a sayi wasu ba."

Ƙanƙara ta narke, bishiyoyin tuffa suka yi fure. Wata safiya Kaka Dimo ya kira ta bayan gida. Yana tsaye yana shafa wuyan Sivko.

"Jikata, gobe mai saye zai zo ya tafi da shi. Ƙafafuna sun gaji da gona. Zana mini shi, in riƙa kallo."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kaka, ba ni da fensiri. Na ƙona su."

"Au, ashe ke ce sarauniyar fushi! Shi ya sa miyar wake ta ranar ta yi ɗanɗanon kala."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo. Sivko ne ya riƙa ɗaukar ta zuwa gonar inabi tun tana 'yar mitsitsiya.

Kaka ya zaunar da ita a kan kututture. "Kina ƙarama kin cika mini bangon ɗaki da zanen gawayi. Wa ya tafa miki a lokacin?"

"Ba kowa. Mama ma faɗa ta yi."

"To me ya sa kika yi?"

Ta ce, "Daɗi nake ji."

"Yanzu fushin yana ina?"

"Ya tafi tuntuni, Kaka."

"Shi ya tafi, fensirai kuma ba su dawo ba."

Yarinyar ta share hawaye. Ta nufi gidan su Rumyana. A bakin ƙofa ta ce, "Na ji haushinki, alhali ba ki yi mini komai ba. Ki yi haƙuri. Za ki ara mini fensiranki?"

Rumyana ta zaro ido. "Ni da nake tsoron yi miki magana! Jira in ɗauko takalmina."

Tare suka dawo. Suka zauna a kan ciyawa suna zana Sivko, Mama ta kawo musu burodi da cuku. Sivko ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Har ya kai baki zai cinye takardar Rumyana. Suka yi ta dariya.

Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo a zanen jikar Kaka. Kaka ya daɗe yana kallo.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Sivko ne sak."

Tun daga ranar yarinyar ta koyi abu biyu. In ranta ya ɓaci, takan jira ya huce kafin ta taɓa komai. Kuma abin da take so, tana yin sa ne don tana son sa, ko an yaba ko ba a yaba ba.