Tubalin da Ya Ƙi Fashewa

Allurar injin matsa kankare ta wuce inda kowa ya zata, tubalin kuma ya ƙi fashewa. Da ya tsage daga ƙarshe, Tumpale ta duƙa ta ɗauki ɓarɓashin. Baƙar tsakuwar fasasshen dutse ce a ciki, mai kaifi, irin ta ɗakin gwajin kwalejinsu. Ita kuwa da hannunta ta ɗebo kwaɓin daga ginshiƙin sabuwar gadar ƙauyensu, mai mulmulalliyar tsakuwar rafi da siminti kamar an yafa gishiri. Gwada ƙarfin kankaren gadar shi ne aikinta na shekarar ƙarshe. Wani ya musanya mata tubalan a tankin ruwan da ake jiƙa su. Ranar Litinin za a buɗe gadar, ƙannenta na cikin yaran da za su riƙa bi, hadari kuma ya kwana uku yana taruwa a kan duwatsun Mbeya.

Da aka kai ƙara, Sufeto Kajuni, dogon ɗan sanda mai maganar ƙasa-ƙasa, ya fara da mai riƙe makullin ɗakin, tsoho Mwakipesile. Tsohon ya ce makon nan duk a garin Kyela ya yi shi wajen makokin ƙanwarsa, makullin kuwa a ƙusa yake rataye a ofis, kowa ya san wurin. Waya ɗaya ta tabbatar da zancensa.

Malam Sanga, mai duba aikin Tumpale, ya fi tsaya wa Sufeto a rai, don an sha ganinsa yana cin gasasshiyar ayaba da ɗan kwangilar gadar. Malamin ya yi dariyar takaici, ya ce rabonsa da taɓa cokalin birkila tun yana da gashi a ka. Ya ƙara da ƙorafin cewa ko man shafa wa mazubi don kada kankare ya manne ya ƙare tun farkon zango, kowane ɗalibi da abin da yake kawowa daga gida.

Sufeto ya koma bakin tankin ya daɗe yana kallo. Wani maiƙo mai launin bakan gizo na yawo a kan ruwan. Ya tambayi Tumpale wane mai ta shafa. Ta ce man girkin mahaifiyarta. Ya goga yatsa a jikin tubalin bogi, ya shinshina, sannan ya sa aka fito da na sauran ɗalibai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci kamar mai sayen kifi.

Duk wannan lokacin Lusajo na tsaye kusa da ita, jakarta a kafaɗarsa. Saurayinta ne, ɗan ajinsu, mai yin acaɓa da yamma. Shi ya goya ta zuwa gadar ranar da ta ɗebo kwaɓin, ta kwantar da kai a bayansa tana jin duniya ba ta da sauran sharri.

"Ɗana, yaushe ka yi wa babur ɗinka juyen mai?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ko kai ma haya kake nema? Zan yi maka ragi."

"Tsohon man nake nema. Ina ka kai shi?"

Murmushin ya bushe a fuskar Lusajo. Sufeto ya jera bayaninsa a hankali. Tubalan bogi na ɗauke da baƙin man inji, kuma a cikin na aji duka, na mutum ɗaya kaɗai ke wannan wari. Wanda ya zuba su ya san ranar da ta zuba nata, ya san alamar da take zanawa da jan fenti, don haka ya shirya nasa tun a makon, su tsufa tare. Sunan dangin ɗan kwangilar kuma ɗaya ne da na mahaifiyar Lusajo. Kawunsa ne, wanda ya rene shi.

Lusajo ya ce kawun ya rantse masa gadar za ta tsaya. Shi kuwa, in ji shi, so ya yi ya raba Tumpale da rigimar manya.

"Ina tubalaina?" Abin da kawai ta tambaya ke nan.

A cikin ciyawar bayan ɗakin aka tono su. Mwakipesile ya ɗora na farko a injin. Allurar ba ta kai rabi ba ya ruguje kamar busasshen tuwo, tsakuwar rafi ta gangaro har gaban takalmin Sufeto. Nan take ya kira ofishin gunduma, ya ce a gicciya itace a bakin gadar kafin yara su tashi daga makaranta, kada wani ya bi ta tun ba a buɗe ba.

Ana fita da Lusajo ruwa ya tsinke. Ya juyo, ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi. Tumpale ta miƙa hannu, har ya matso da sauri, sai ta zare jakarta daga kafaɗarsa. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki tubali na biyu ta ɗora a injin.