Sai Na Ja Numfashi

Ku matso nan. Lami, daina taunar gyaɗa a kunnena. Kai kuma Istifanus, tun ɗazu wani ke fito a bayan katanga kana mayar masa. Ka san ko waye? To rufe bakinka, ka ji abin da ya sami Rifkatu.

Kun san fiyano na karanta a jami'a. Rifkatu 'yar ajinmu ce, ita murya take karantawa. Ku daina dariya, karatu ne sosai. Irin waƙar Turawa ta dā, wadda mutum zai tsaya ba makirfo, ya cika babban zaure da muryarsa kaɗai. Ni ke kaɗa mata.

Muryarta tana da kaushi. In ta hau sama sai ta tsage. Malamarmu, Madam Damaris, takan dafe kai ta ce, "Rifkatu, daga ciki ake jawo numfashi, ba daga maƙogwaro ba. Sake." Ta sake. Ta kuma tsagewa. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso.

Amma akwai mai son muryar nan a yadda take. Kakarta, wadda ta rene ta. Makauniya ce, ba ta da kowa a duniya sai Rifkatu. Da yarinyar ta yi sallama daga ƙofar gida, muryar ta ɗan tsage, sai tsohuwa ta washe baki ta ce, "Ga ɗan zakarana mai koyon cara ya dawo." Da muryar nan kaɗai take gane ta.

To mu akwai wata ɗabi'a da aka dasa mana. Malama ta buga sauti ɗaya a fiyano, kowa ya mayar da bakinsa. Kullum, tun shekarar farko. Har ta kai ko cokali ne ya faɗi a ɗakin cin abinci, sai ka ji wani ya mayar masa da sautinsa. Ba tunani a ciki. Baki ne ke rigan mutum.

Wata Lahadi, rana tsaka, Rifkatu ta ce in raka ta gwaji. Ɗakunan gwajin suna wani tsohon gini can ƙarshen makaranta, bayan tsamiya. Ba kowa. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Muka shiga na kusa da ƙarshe. Na kaɗa, ta hau, ta tsage. Ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Sai sauti ya shigo ta bango.

Sauti ɗaya. Siriri. Sumul, ba ƙura ko kaɗan.

Kafin in ɗaga kai, Rifkatu ta mayar.

Aka ba ta wani, sama da na farko. Ta mayar. Aka ƙara hawa. Ta bi.

Ni dai hannuna na kan fiyano, na kasa motsi. Aikina ne in saurari inda mawaƙi ke jan numfashi, don in jira shi. Na kasa kunne. Na yi ta jira. Mai muryar nan bai ja ba. Ko sau ɗaya.

Na ce, "Rifkatu, tashi mu tafi."

Ta ce, "Bari mana, Kefas. Ka ji yadda yake hawa?"

Na leƙa waje. Ɗakin ƙarshe a kulle yake. Kwaɗon ya yi tsatsa, yanar gizo-gizo ta rufe ramin makulli. Na durƙusa na duba ta ƙasan ƙofa. Ƙura ce kwance, ba sawun kowa. Amma ƙofar tana rawa da muryar.

Da na koma, na tarar ta manna kunne a bango. Ana mata magana. Kuma sautin nan bai yanke ba, maganar a cikinsa take fitowa.

"Kin amsa."

Ta ce, "Waye?"

"Muryarki tana da daɗi. Ara mini."

"Tawa? Ai tsagewa take yi."

"Shi nake so. Riƙe tawa, ki yi jarrabawa."

Na kama hannunta na ja. Kamar na ja ginshiƙi.

Ta ce, "Yaushe za ka dawo mini da ita?"

"Sai na ja numfashi."

Ta yi 'yar dariya. Ku tuna, ita mawaƙiya ce. A saninta ba mai waƙar da zai daɗe bai ja ba. Ta ce, "To."

Lami, sake mini riga. Ban gama ba.

Ranar jarrabawa zaure ya cika. Ta fito cikin doguwar riga, ta yi mini alama, na fara. Ta buɗe baki. Ta hau wurin nan da ke ka da ita kamar tana hawa tabarma. Madam Damaris ta cire tabarau tana kuka. Baƙin malaman da suka zo ba da maki suka miƙe tsaye. Ni kaɗai na san abin da na ji. Duk inda na saba jiranta ta ja numfashi, na jira, ta wuce ni.

Washegari na raka ta gida, ta kai wa Kaka albishir. Ta yi sallama daga ƙofa. Muryar ta fito sumul.

Kaka ta karkata kai. "Maraba da baƙuwa. Daga ina?"

"Kaka, ni ce."

"Ke wa?"

Rifkatu ta durƙusa, ta ɗora hannun tsohuwa a fuskarta. Kaka ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta shafa tabon da ke haɓarta. Sai ta fizge hannu kamar ta taɓa garwashi.

"Fuskar ta jikata ce. Wa ke magana a cikinta? Kefas, ina ka baro mini yarinya?"

Me zan ce? Ku gaya mini, me zan ce?

Ba abin da ba mu yi ba. Fasto ya yi addu'a da azumi. Wani malami maƙwabcinsu ya yi mata tofi, ya ba da turare. Ta sha ruwan ƙanƙara, ta yi ta ihu a bayan gari ko muryar za ta dushe. Ko gezau. Muka koma tsohon ginin, ta yi ta dukan ƙofar har hannunta ya fashe.

"Na gama jarrabawar! Karɓi abinka!"

Daga ciki muka ji ta. Muryar Rifkatu, da kaushinta, tana riƙe da sauti ɗaya. Ta ɗan tsage, ta ci gaba. Muka zauna a bakin ƙofar har rana ta karkata, muna jiran ya ja numfashi.

Kaka kuwa kullum sai ta sa a juya mata kujera ta fuskanci ƙofar gida. Rifkatu ce ke dafa mata, ita ke mata wanka. Amma da ta yi magana, tsohuwa sai ta ture kwanon ta ƙi ci. Don haka ta daina magana a gidan. Yarinyar da ake aiko wa gayyata daga manyan birane, ta koma bebiya a ɗakin kakarta.

Da ciwon ajali ya zo wa Kaka, ina wurin. Rifkatu na riƙe da hannunta. Kaka ta ce, "Kefas."

"Na'am, Kaka."

"Wannan baiwar Allah mai jinyata ta kyauta mini. Ka gode mata." Ƙirjinta na hawa da sauka. "Ɗan zakarana bai zo ba?"

Na dubi Rifkatu. In ta yi magana, Kaka za ta janye hannu. In ta yi shiru, Kaka za ta tafi tana jira. Ta cije leɓe har jini ya fito. Ta zaɓi hannun.

Na ce, "Tana hanya, Kaka."

Ta ce, "To ka ce ta yi sallama da ƙarfi, in ji ta."

Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bara na koma makarantar karɓar takarduna. Ƙafata ta kai ni bayan tsamiya, ban so ba. Na tsaya daga nesa. Yana nan. Sautin nan ɗaya, da kaushinsa. Har yau bai ja ba.

An hana ku amsa kiran sunanku in ba ku ga mai kiran ba, ko ba haka ba? To ba da suna kaɗai suke kira ba. In ɗayanku ya je makarantar nan, kada ya bi hanyar tsamiya shi kaɗai. Ko da rakiya ma, ai ni ina wurin, me na iya?

Istifanus, ka ji an sake fiton? Kada ka mayar. Tashi ka rufe taga.