Jan Gari a Goshin Ipsita

A rumfar bikin Uwa Durga, abar bautarmu, ta unguwarmu, nan Kolkata, suka fara haɗuwa. Ipsita na rabon dafa-duka, Tanmoy ya miƙo farantin ganye, ta juye masa rabin ludayi a kan yatsu. Abinci da zafinsa fa, 'ya'yana. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ashe bana gumaka biyu aka kawo mana," in ji shi yana yarfe hannu. "Wancan dai ba ya ƙona mutane."

"Matsa, akwai layi," ta ce.

Ba rashin kunya ba ne. Mijinta ya rasu a haɗarin babur ba su cika shekara da aure ba, tun daga nan yarinyar ta zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ana ganga ana turare, ita sai ta yi abin da aka sa ta, ta koma gida.

Tanmoy malamin firamare ne, ga surutu kamar ni. Ya samo lambarta ya turo saƙo:

"'Yar gunkina, yatsuna sun warke. Gobe zan kawo ɗaya hannun."

Sai da biki ya watse ta amsa: "Kada ka ɓata lokacinka. Ba na jin komai."

"Ni ina ji. Nawa ya ishe mu kafin naki ya dawo."

Haka suka shekara, yana raka ta tashar jirgi yana zuba, ita tana tafe shiru. Mahaifiyarsa Kaberi kuwa ta ce atafau, ta riga ta zaɓa masa 'yar wani mai shagon gwal.

"Ma, ai ba ita ta kashe shi ba," in ji Tanmoy.

"Na sani. Amma matar mamaci ba za ta shigo mini gida a amarya ba."

Da Ipsita ta ji, ta rubuta masa: "Ka auri wadda aka zaɓa maka." Ba ta yi kuka ba. Ta ce da ni ta nemi hawayen ta rasa.

Biki ya zagayo. Ranar ƙarshe, kafin a kai gunkin Uwa kogi, matan aure kan shafa mata jan gari, sannan su shafe juna, kowacce na roƙa wa mijinta tsawon rai. Wadda mijinta ya mutu ba ta shiga. Ipsita na can gefe riƙe da tiren alewa.

Jan garin ya cika wa Kaberi ido, ta cire tabarau, tana dariya tana lalube. Ta cafko kafaɗar wadda ke kusa, ta damtsa mata ja tun daga goshi har tsagar gashi. Da ta mayar da tabarau, sai ga Ipsita.

Matan duk suka juyo suna kallonsu.

"Ba komai, Mashi, bari in goge," in ji Ipsita, ta ɗago gefen zaninta. Mashi kenan goggo a yarenmu.

To, a wurinmu jan goshi alamar matar aure ce, ranar da miji ya mutu ake goge mata shi. Kaberi ta riƙe mata hannu.

"Hannuna ya sa shi, a gaban Uwa. In kika goge, ɗan wa kenan ya mutu?" Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. "Sau ɗaya aka taɓa goge miki, ya isa. Kuma ki daina ce mini Mashi, Ma ake cewa."

Da sanyi ya shigo aka ɗaura auren. Ba zan ce muku ta warke ba, da ƙyar mai hoto ya samu murmushinta. Amma suna zagaya wutar ɗaurin aure, doguwar hular ango ta zamo ta rufe wa Tanmoy ido, ya kusa taka limamin bauta. Ipsita ta yi wata 'yar dariya, gajeriya kamar tari, har ita kanta ta waiga neman mai yin ta.

Muka zuba musu shanshera da ɗanyar ciyawa a ka. Uwa ta raya su, ta bar jan nan a goshinta har furfura ta same shi.