Ƙofar Ƙarshe a Bakin Aragbi

Ranar da aka kori Latabri daga gidan mijinta marigayi, ko takalmi ba a bari ta ɗauka ba, balle ɗiyarta Mzisa mai shekara uku, wadda aka ɓamɓare daga jikinta tana tsala ihu! Laifinta kuwa? Ta saurari wata baƙuwa da ta zo garinmu Mtskheta da labarin Almasihu, ta yanke kitsonta ta ɗaure sandunan inabi biyu da shi ta yi gicciye, kamar yadda ta ga baƙuwar ta yi. A makon ne aka buɗe manyan randunan da ke binne a ƙasa, aka tarar ruwan inabin shekara ya yi tsami. Bakur, wan mijinta, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonarta, ya daka tsalle: "Ga ta nan, mai gundulallen kai! Ita ta fusata gunkinmu Armazi!"

Wata bakwai tana wata bukka a bakin kogin Aragbi, tana wankau, tana kuka, tana addu'a... Wallahi duk wanda ya gan ta a lokacin sai zuciyarsa ta karye.

Sai zazzaɓi ya kama Mzisa. Mu kuwa in yaro ya kwanta, ɗaukarsa ake yi gida-gida ana neman mai magani, kuma ba a tsallake ƙofa ko ta maƙiyi ce. Aka gama gari ba a dace ba, saura bukka ɗaya.

"Mu koma gida," in ji Bakur.

Tsohuwa Sagduk, uwarsa, ta galla masa harara. "Kai ka haife ni ko ni na haife ka? Wuce mu je!"

Latabri na ganin ɗiyarta ta zube a gwiwa. Ta kwantar da ita a kan bargonta, ta ɗora mata gicciyen a ƙirji, hawaye na zuba. "Ya Almasihu, ba ni da kowa sai kai... ita kuma ba ta da kowa sai ni." Can sai yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ina gashinki? Yunwa nake ji."

Wayyo daɗi! Mata suka ɓarke da guɗa, Sagduk na kuka tana dariya, wani ya ruga ya kawo burodi mai zafi da cuku. Ana cikin haka Gubaz maginin randa, wanda tsoron Bakur ya rufe wa baki wata bakwai, ya yi gyaran murya. "Jama'a, ku yafe mini. Armazi bai taɓa randunan nan ba, Bakur ma bai taɓa su ba! Shi aka ba aikin gyara su, amma bai kankare su da ɓawon itacen ceri ba, bai shafa musu kakin zuma ba. Barci ya yi ta sha, malalacin banza!"

Dariya ta kusa kayar da mutane cikin kogi. Nan take dattawa suka mayar wa Latabri gonarta, suka yanke wa Bakur wankin randunan unguwa kaf. Kwana tara ana jin tsakinsa daga cikin randunan a ƙarƙashin ƙasa.

Sagduk kuwa ta zare mayafinta, ta miƙa wa Latabri wuƙa da farin kitsonta. "Yanka, 'yata, ki ɗaura mini nawa gicciyen. Sannan ki goyi ɗiyarki mu tafi gida."