Kerkecin da Badaru Ya Ɗinke

Ranar wata Laraba, dab da magariba, Badaru ya roƙi Elkana ya biya da shi sito ya duba kunnuwan kerkecinsa. Aikin minti goma ne. Fata in tana bushewa ja take yi, shi ya sa kullum sai an je an gyara alluran da aka kafa a leɓe da kunne, in ba haka ba dabbar ta bushe da karkataccen baki kamar mai ciwon haƙori.

Badaru ɗan unguwar Dukawa ne a Kano, shekararsa arba'in da bakwai, kuma a Dubai kujerun fata yake ɗinka wa motocin manya a wani kamfani da ke Al Quoz. Elkana mutumin Kagoro ne, mai gyaran firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Gida ɗaya suke haya a International City. Shi ne ma ya haɗa Badaru da wani tsoho ɗan Kazakhstan da kowa ke kira Usta, wanda sana'arsa ita ce ya karɓi fatar mataccen namun daji, ya jeme ta da gashinta, ya ɗora ta a kan gangar jikin da ya ƙera, ya sa mata idanun gilashi, ta tsaya cak a falon mai kuɗi kamar yanzu za ta yi numfashi. Wata takwas Badaru ya yi yana koyo a siton da Usta ke aiki. Ya yi zomo, ya yi dila. A bazarar 2019 aka ba shi kerkeci, dabbar da Usta ya ce a kanta ake gane gwani.

"Alhaji mai ɗinkin kare," in ji Elkana yana tuƙi, "don Allah ɗan sauke gilashi. Hannunka warin mushe yake yi."

"Kerkeci ne, jahili. Kuma fasaha ce."

"Fasahar da ƙuda ke bi har cikin mota? Jiya Pamela maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko ɓera ya mutu a ɗakinmu. Na ce a'a, yana da rai, yana ma sallah."

"Yi ta surutu. Ranar Asabar Usta zai dawo daga tafiya, ya nemi inda na ɗinke cikin nan ya rasa. Sannan za ka san da wa kake kwana ɗaki ɗaya."

Masu yaɗa labarin nan sun cika cewa ganganci ne ya jawo wa Badaru abin da ya same shi. Yawancinsu kuwa ko maɓalli ba su iya ɗinkawa ba. Ga abin da ya faru. Usta yana da doka guda: in ka ɗora ɗanyar fata a kan gangar, ba ka tashi sai ka rufe cikin. Gangar tasa kuwa irin ta dā ce, waya da katako da takarda mai gam, cikinta rami ne wayam. Ranar Lahadi Badaru ya ɗora fatar, ya ɗauki allurar Usta, ya dube ta, ya ga wannan ba abin da ɗan Dukawa zai riƙe ba ne. Ya bar kerkecin da ciki a buɗe, ya bar ƙofar baya a buɗe don wari ya fita, ya tafi gida ɗauko basillar mahaifinsa, daidai lokacin da ake kiran magariba. Da ya dawo ya zauna ya yi ɗinkin da ya fi iyawa a duniya, wato ɗinkin laya. Tun yana shekara tara yake yin sa. A gidansu kowane saka na wannan ɗinki da kalmarsa, baki na faɗi hannu na ja: na ciki ya zauna ciki, na waje ya tsaya waje. Bai ma san yana faɗi ba. Saka ɗari da arba'in, ya tura ƙullin ƙarshe can ciki don kada ido ya gan shi.

Yanzu a gaya mini, ina laifin mutum don ya iya aikinsa?

Elkana ya tsaya a bakin layin situna, bayan babbar kasuwar 'yan Chaina. Ya ce shi ba zai shiga ba, bai daɗe da cin abinci ba.

"Yalla, yi maza, minti goma. In ka wuce haka ka hau kerkecin ya kai ka gida."

Badaru ya buɗe ƙofar ƙarfe, ya kunna fitila. Warin siton ya san shi: gishiri, gam, maganin jima, da ɗan ƙarnin firiza. Yau akwai wani a kansu. Mai ɗumi ne, mai nauyi, kamar ƙarnin jini da aka bari a kwano cikin rana aka zuba masa ruɓaɓɓen nono. Ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

Kerkecin na kan teburi inda ya bar shi, ƙafa ɗaya a ɗage, allurai cirko-cirko a leɓensa. Kunnuwan lafiya lau. Cikin ne ya sauka. Ya yi tulu, ya yi sheƙi, gashin wurin ya jiƙe ya manne. Wani ruwa mai yauƙi, rawaya-rawaya, yana tsattsafowa ta layin ɗinkin yana ɗiga a kan teburi.

Ɗis. Ɗis.

Ransa ya ɓaci tun kafin tsoro ya zo. Ya ɗauka kitse ya bari a fatar ya ruɓe. Ya sa yatsa ya danna cikin.

Da zafi.

Wani abu daga ciki ya danno yatsan nasa.

Ya ja da baya har ya ture bokitin gishiri. Daga masallacin ma'aikata aka ɗaga kiran sallah. Firiza ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu. Sai siton ya yi tsit, ban da ɗigar ruwan nan.

"Baduku."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a shaƙe. Ba daga bakin kerkecin ta fito ba. Daga cikinsa ta fito, da irin Hausar tsofaffin cikin birni.

"Baduku, buɗe mini."

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya, warin ya cika masa baki, ya ƙare da kakarin amai.

"Inuwa na gani na shiga," in ji ta. "Naƙuda ce ta kama ni a hanya. Ka zo ka rufe ni da ɗinkin gidanku. Kwana uku ke nan."

Cikin kerkecin ya motsa daga hagu zuwa dama. Wani abu kamar gwiwar hannu ya turo fatar, ya koma.

Badaru ya juya zai nufi ƙofa. Ƙofar na nan a buɗe, yana hango jan sararin yamma da bayan motar Elkana. Amma tsakaninsa da ita akwai wani wuri da iska ta yi kauri, tana rawa kamar saman kwalta da tsakar rana. Daga wurin ake numfashi. Kowane numfashi da ƙaurin gashin da aka babbaka.

"Maigidana ne," in ji muryar. "Ba shi da ikon taɓa ɗinkin. Kai dai yana da ikon taɓa ka. In abin da ke cikina ya mutu a nan, a fatarka zan yi jego."

Ya dubi ɗinkin. Wallahi, duk da haka sai da ya dube shi. Layi ne da ko Usta da tabaransa ba zai gano ba, aiki mafi kyau da hannunsa ya taɓa yi. Ya ɗauki aska.

"Ba a yanka laya," ta ce da sauri. "Ka fi ni sani."

Ya sani. In aka yanka ta, abin da ke ciki ya lalace. Warware ta ake yi, daga ƙarshe zuwa farko, saka ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen kuwa shi da kansa ya ɓoye shi a ciki.

Ya kwanta rigingine a kan teburin, ya cusa kansa ƙarƙashin cikin kerkecin. Ruwan ya ɗigo masa a goshi, ya gangara zuwa kunne. Ya lalubi gefen ɗinkin da basilla, ya buɗa ɗan wurin da yatsu biyu za su shiga. Ya tura su.

Ciki kamar tukunyar kunu. Wani abu mai santsi ya goge shi. Wani abu mai gashi ya kama ɗan yatsansa, ya tsotsa.

Ya yi ihu, amma sautin bai wuce haƙoransa ba.

Ya samo ƙullin, ya jawo shi waje. Zaren mai kaki ne, ya sha yauƙi, farce ya kasa kama shi. Ya gwada sau uku. Numfashin nan ya matso, yana jin sa a tafin ƙafarsa, sannan a gwiwa.

"Ya daina motsi," ta raɗa. "Baduku, ya daina motsi."

Ya ɗaga kai ya kama ƙullin da haƙora.

Ɗanɗanon gishiri ne da tsatsa, da wani zaƙi-zaƙi wanda ya fi komai muni. Ya ciza, ya ja. Ƙullin ya saki.

Ɗari da arba'in. Ɗari da talatin da tara.

Basilla na shiga, zare na fita. Da kowane saka cikin na ƙara buɗewa, ruwan na ƙaruwa. Ya shiga masa ido. Ya shiga masa hanci. Ya tofar, ya ci gaba.

Casa'in.

Wani hannu da ba ya gani ya dafa masa ƙirji. Ba a danna ba. An dai ɗan tsinci fatar wurin da yatsu biyu, an ja ta sama, kamar yadda shi yake yi wa fata a kasuwa in yana duba kaurinta.

Hamsin.

Talatin.

Yatsunsa sun mutu. Basillar ta suɓuce, ta soke shi a tafin hannu. Bai tsaya ba.

Bakwai.

Uku.

Ɗaya.

Cikin kerkecin ya yage kamar jakar da aka cika da ruwa. Duk abin da ya taru kwana uku ya sauko masa a fuska, da ɗumi, da gudaji, da wasu zare-zare masu mannewa. Wani abu mai nauyin ɗan akuya ya faɗo masa a ƙirji, ya yi santsi, ya zame ƙasa.

Shiru.

Sai kuka. Siriri, kamar na kyanwa, kamar na ƙyauren da bai sha mai ba.

Iskar da ke bakin ƙofa ta wuce ta kansa ta yi wajen kukan. Badaru bai tsaya ganin mai jego ba. Ya mirgino daga teburin, ya rarrafa, ya tashi, santsi ya kwashe shi, ya sake tashi. Takalmi ɗaya ya fita da shi.

Elkana na ganinsa ya kulle ƙofofin mota.

"Yesu! Me ka faɗa ciki?"

"Buɗe, Elkana."

"Ba a motata ba, wallahi. Hau baya, wurin kayan aiki."

A bayan motar ya koma gida, tsakanin tulunan gas, yana amai a kan titi. Wanka bakwai ya yi. Ya aske gemu da gashin kai, ya jefar da kayan jikinsa a bola.

Ranar Asabar Usta ya tarar da kerkecin a tsaye, cikinsa a buɗe, a bushe ƙayau, an share teburin tas. Ya ɗaga zaren da aka warware, ya dubi ramukan basilla ɗari da arba'in a jere, ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya yi aiki mai kyau haka ya kuma rushe shi da hannunsa ba. Badaru ya ce masa kalas, wato shi ke nan, shi ya bar sana'ar. 

Da mako ya zagayo, Laraba da safe, Elkana ya buɗe ƙofa zai tafi aiki, ya yi tuntuɓe da wani faranti da aka rufe da ganyen dabino. Ya ɗaga ganyen, ya saki, ya toshe hanci.

"Alhaji! Zo ka ga saƙonka."

Kai ne da ƙafafu da fata a naɗe, ɗanyu, suna tururi. A gidajen su Badaru, in aka yanka ragon suna, wannan shi ne kason ungozoma. Sai dai kan ba na rago ba ne, kuma ba na wani abin da ya taɓa gani a firizar Usta ba. Ƙafafun guda biyar ne.

"Naman me ne wannan?" in ji Elkana.

"Ɗauko leda. Kada ka taɓa da hannu."

Sun kai shi can cikin yashi bayan unguwar Warsan sun binne. Badaru ya ɗauka an gama ke nan, an yi aiki an biya, kowa ya kama gabansa. Bai san mai jegon tana da baki ba, kuma ta yaba aikinsa a cikin danginta.

Sau huɗu ke nan ana ƙwanƙwasa musu ƙofa da magariba, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin gwiwa. In sun yi shiru, sai ƙarnin nan mai ɗumi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, wata murya kuma, kowane karo daban, ta tambaya cikin ladabi:

"Salamu alaikum. Ungozoma na ciki?"